Layi na Hamsin da Tara

Kwamfutar ta zo hannun Garbai a fashe. Wani furoje ne, aikin wata ƙungiyar raya karkara, da ya yi shekara uku a Gure yana dashen itatuwa a kan tuddan rairayi ya tattara ya tafi, ya bar ta cikin kwali tare da tarkacen wayoyi. Gilashinta ya mutu daga sama har kusan ƙasa, baƙi ƙirin, sai 'yar tsaga mai faɗin yatsa biyu. Layi biyu na rubutu kawai take iya nunawa.

Garbai mai gyaran rediyo da salula ne a bakin kasuwa. Aji shida ya yi a lakwal, makarantar boko, ya fita, sauran duk da kansa ya koya. Da ya ga babu wata manhajar rubutu da za ta yi aiki a cikin wannan tsaga, sai ya ce zai gina tasa. Ya samo wani tsohon littafi na Faransanci daga Damagaram, wanda ke koyar da harshen kwamfuta da ake kira C, ya zauna da shi wata bakwai tsakanin wannan rediyo da waccan.

Abin da ya gina ba shi da ado. Rubutu duk yana ciki, amma ba a ganinsa sai an kira shi, kuma kowane layi da lambarsa. In ka buga 7n, ya nuna maka layi na bakwai. 7c, ka canza shi. 7k, ka ƙara sabon layi a ƙarƙashinsa. 7s, ka share shi. Harafin a shi kaɗai, ya ajiye aikin. In ka buga abin da bai gane ba, kalma ɗaya yake ba ka: A'a.

Ya sha wuya da shi. Da farko layi mai tsawo yana kashe shi. Ya gyara. Daga baya ya tarar ƙ da ɗ da ɓ suna fitowa a tarwatse, Ɗanlami ya koma wasu alamomi marasa kan gado. Wannan ya ci masa sati uku. Abu biyu ne kawai ya ƙi sakawa, kuma da gangan ya ƙi.

Ɗan Kasuwa ne ya fara yi masa magana a kai. Shi mai sayar da igiya da guga ne a rumfar da ke kusa, gwauro, ba ɗa ba jika, kuma rabin yininsa a kan bencin ƙofar Garbai yake yin sa yana jiran shayi. Shi ya raɗa wa manhajar suna Mai Ido Ɗaya.

"Injiniyan Gure," ya ce, "wannan Mai Ido Ɗayan naka, in ka ce ya share, ba ya ko tambayar ka?"

"Tambayar me?"

"Ko ka tabbata. Salulata ma da ba ta kai kuɗin akuya ba tana tambaya."

"Salularka ta san mai ita ne," Garbai ya ce. "Mutum ya tabbata kafin ya buɗe baki."

"To in ka yi kuskure fa? Yana komawa baya?"

"Ba ya komawa. Wanda ya san akwai komawa ba ya kula da tafiya."

"Allah ya jiƙan matar da za ta yi maka tuwo da gudaji," Ɗan Kasuwa ya ce. "Zuba min na biyu, na farkon ɗaci ne kamar mai shi."

Garbai yana ganin wannan tsantseni ne. Girman kai ne, kuma girman kan mai gaskiya ya fi na maƙaryaci wuyar magani, don ba ya jin akwai abin da zai tuba a kai.

Arewa da gari akwai wani kwari da ake kira Kwarin Maiturare, rami mai faɗi a tsakiyar tuddai, cike da dabino da lambuna. Dabinon kwarin ba na mutum ɗaya ba ne. Wannan yana da uku, waccan tana da ɗaya da ta gada daga uwarta, wani makiyayi da ke can wajen Kelle yana da biyu. Kowace shekara, kafin a sa wuƙa a kan nonon dabino ko ɗaya, sai an taru a gindin tsohuwar rijiya an kira sunayen masu shi. A kira sunanka da inda naka yake, ka ce "Ga ni." In ba ka nan, wakilinka ya ce "Yana nan." Kuma in an fara kira ba a tsayawa sai an kai ƙarshe. Wanda ya rasu a cire shi, sai an raba gado a shigar da magadansa.

Baba Aisami ne mai kira, shekara arba'in yana yi, da ka. Da ƙwaƙwalwarsa ta fara tsallake mutane sai ya zo wurin Garbai, ya zauna kwana biyu yana faɗa Garbai na bugawa. Suna ɗari da ashirin, kowa da layinsa. Aka buga masa a takarda da lambobi a gefe.

A shekarar da abin ya faru, Baba Aisami ya iso da hantsi, kwana ɗaya kafin kira, da takardar a naɗe cikin hularsa.

"Uku suka tafi bana," ya ce. "Na zagaye su. Arba'in da ɗaya, Salihu. Hamsin da takwas, Yabawa. Casa'in, Husseini."

"Allah ya jiƙan su," Ɗan Kasuwa ya ce daga benci. "Injiniya, duba su tukuna."

"Ga su a takarda," Garbai ya ce.

Ya buga 41s. Ya buga 58s. Ya buga 90s. Ya buga a. Tsagar ta nuna: layi 117.

"An gama, Baba."

Abin da Garbai ya sani sarai, don shi ya gina, shi ne in ka share layi, duk na ƙasa da shi suna matsowa sama, kowa ya ɗauki lambar na gabansa. Mai share layi da yawa daga ƙasa yake farawa. Ya sani, amma ranar akwai rediyo uku a buɗe a kan tebur, kuma yana so tsohon ya ga saurinsa. Salihu ya fita daidai. Amma da ya buga 58, Yabawa ta riga ta matsa sama, wanda ke tsaye a gurbinta shi ne na hamsin da tara, Ɗan Kasuwa, mai dabino ɗaya. Da ya buga 90, wadda ke wurin ta casa'in da biyu ce, Zaliha, yayar Garbai uwa ɗaya uba ɗaya.

Baba Aisami ya cusa takardar cikin garwashin shayi.

"Kai, Baba!" Ɗan Kasuwa ya ce. "Ka bar ta mana ko na naɗe sukari."

"Ba a ajiye jeri biyu," tsohon ya ce. "Jeri biyu shi ne rigima. Gobe ka zo da injin ka riƙa faɗa min, ni in ɗaga murya."

Da safe mutane suka cika gindin rijiyar, maza gabas, mata yamma. Garbai ya zauna a tabarma da kwamfutar a cinya, ya kare tsagar da hannu saboda rana. Yana karanta layi a hankali, Baba Aisami yana ɗagawa, ana amsawa. Haka har hamsin da shida. Ya kira na gaba, bakinsa ya riga hankalinsa.

"Yabawa 'yar Rashidu," Baba Aisami ya ɗaga, "dabino biyu, gabas da rijiya!"

Sai da ya faɗa ya ji abin da ya faɗa. Watanta huɗu a ƙasa, rabin matan da ke zaune sun je wankanta.

Daga cikin dabinon, can inda inuwa ta fi kauri, aka ce, "Ga ni."

Murya ce ta tsohuwa, a shaƙe, kamar mai magana da baki cike da rairayi. Ba wanda ya waiwaya. Wata mata ta ja ɗanta ta rufe shi da zane. Baba Aisami ya dubi Garbai ya ce, "Ci gaba. Ba a tsayawa."

Da suka kai tamanin da takwas, Garbai ya ga sunan Husseini a tsagar, kuma wannan karon ya gan shi da kyau. Yana iya yin shiru. Yana iya miƙewa ya ce jama'a, na yi kuskure. Amma mutum ɗari na kallonsa, kuma shi ne Garbai da ba ya kuskure. Ya karanta. Tsohon ya ɗaga. Aka amsa daga wajen kudu, inda dabinon Husseini suke, da muryar namiji mai tari.

Aka gama, aka shafa fatiha da sauri, kowa ya kama hanyar tudu. A cikin mata akwai wadda ta miƙe tana cewa ba a kira ta ba. A cikin maza akwai wanda ya yi ta ɗaga hannu yana dariya yana cewa an manta da mai dabino ɗaya. Mutane suka ratsa ta gefensu kamar yadda ake ratsa kututture.

Kwana biyu Garbai bai buɗe kwamfutar ba. Ya gaya wa kansa abin ƙarami ne, matattu biyu ne ba su sharu ba. A rana ta uku ya buɗe don ya cire su, idonsa ya sauka a kan adadin: 117. Ya daɗe yana kallo. In da rashin sharuwa ne kawai, da ɗari da sha tara zai gani. Uku sun fita. Ɗaya ne kawai mamaci.

Ya bi jerin daga farko zuwa ƙarshe, layi bayan layi, yana neman wanda babu. Shi ya buga sunayen nan da hannunsa, ya san mutanen tun yana yaro. Bai ga giɓi ba. Jerin ya yi masa kama da cikakke.

Da azahar ya dafa shayi, ya zuba kofi biyu. Ya tsaya da na biyun a hannu, bai san wa ya zuba wa ba.

Aka ja masa hannun riga.

Wata mata ce tsaye a gaban teburin, doguwa, da baƙin mayafi, leɓenta a bushe. Bai ji shigowarta ba. In ya dube ta kai tsaye yana ganinta, in ya ɗan kawar da ido sai ya manta akwai mutum.

"Lafiya, baiwar Allah?"

"Baiwar Allah?" ta ce. Muryarta kamar daga bayan bango. "Garbai, ni na goye ka. Ni na cire maka ƙaya a wannan ƙafar. Tun safe nake tsaye a nan."

"Ban gane ki ba."

"Kwana uku ke nan. 'Ya'yana sun dafa sun ci, ba wanda ya miƙo min. Mijina ya shimfiɗa tabarma a kan ƙafata. Na je rijiya na yi sallama, ba amsa. Jiya na ɗauki tulu, hannuna bai riƙe shi ba." Ta nuna kanta na bayansa. "Waccan rediyon tawa ce. Sati biyu tana wurinka, malalaci."

Garbai yana da ɗabi'a ɗaya ta sana'a da bai taɓa sakewa ba: duk abin da aka kawo gyara sai ya manna masa 'yar takarda da sunan mai shi. Ya sauko da rediyon ya juya bayanta. Rubutunsa ne, da jan biro: Yaya Zaliha.

Ya karanta sau uku. A na ukun abin ya dawo masa gaba ɗaya, bayanta da ya kwanta a kai, ƙayar, ranar aurenta, ranar da suka binne uwarsu. Ya zauna a ƙasa.

"Yaya," ya ce. "Ni ne. Ni na share ki."

"Na sani. Wa zai yi in ba kai ba? Tashi ka mayar da ni."

Ta faɗa masa layinta, ya riƙe rediyon a hannun hagu yana kallon takardar don kada sunan ya sake zame masa. Wannan karon daga ƙasa ya fara, kuma kowane layi sai ya kira shi ya gan shi kafin ya taɓa. Ya mayar da ita ƙarƙashin maƙwabciyarta ta kwari. Ya cire Husseini. Ya cire Yabawa. Adadi ya nuna 116.

"Saura ɗaya," ya ce. "Wanda ke bin Yabawa. Yaya, waye ke bin Yabawa?"

"Ban sani ba." Ta juya wajen ƙofa. "Amma tun da na zo akwai wani zaune a bencin nan yana ta yi maka magana."

Garbai ya duba. Benci ne, da wurin da zama ya goge har ya yi sheƙi.

"Waye?"

"Ban san shi ba. Gajere ne, da igiya a kafaɗa."

"Tambaye shi sunansa."

Ta matsa ta sunkuya, ta daɗe. "Bakinsa na motsi, ba na ji. Yana nuna teburinka. Yana dariya, amma idonsa ba dariya."

A kan teburin sharji akwai salula goma sha ɗaya. Goma da takarda a bayansu. Ɗaya, ƙarama, mai ɗaure da roba, ba ta da komai, don mai ita kullum yana nan, kuma Garbai ya taɓa ce masa kai ai na san ka. Ya ɗauka ya kira lambar kansa da ita, ya dubi tasa salular. Lamba ce kawai ta fito. Ba a ajiye lambar mutumin da ake iya kira da baki daga rumfa zuwa rumfa.

Ya leƙa rumfar da ke kusa. Igiyoyi da gugaye a rataye, ba kowa. Ya tambayi mai nama, ya tambayi mai gyaran takalmi. Kowa ya ce ai rumfar nan kamar ta daɗe haka.

Ya buga sabon layi a gurbin, ya bar shi babu ko harafi. Adadi ya koma 117.

Baba Aisami yana kwance a zaurensa tun ranar kira. Ya saurari Garbai har ƙarshe.

"Sau ɗaya ake kira a shekara," ya ce.

"Baba, ba za ta kai baɗi ba. Ba ta iya riƙe tulu."

"Wa?"

Garbai ya miƙa masa rediyon. Tsohon ya kai takardar kusa da ido, ya yi ta kallo, sannan ya ce, "Zaliha ta Mairamu. Innalillahi." Ya tashi zaune. "Ba wanda zai sake sauka kwarin nan bayan abin da suka ji, sai in an gaya masu dalili. Ni ba zan faɗa ba. Kai ka yi, kai za ka faɗa, a tsaye, da bakinka."

Washegari Juma'a ce. Da aka sallame, Garbai ya miƙe a ƙofar masallaci ya faɗa. Bai ce injin ne ba. Ya ce an gargaɗe shi ya duba bai duba ba, ko da yake ya kasa tuna wanda ya gargaɗe shi. Ya ce ya ga sunan Husseini da idonsa ya karanta don kunya. Wasu suka zage shi, ya tsaya ya ji. Da la'asar mutane suka sauka kwarin, a ɗarare, suna manne da juna.

Aka fara kira. Da suka zo gurbin Yabawa suka wuce, ganyen dabinon gabas ya yi wani dogon motsi, alhali ba iska. Na gaba shi ne layin da babu komai. Garbai ya ce, "Nan akwai mutum." Baba Aisami ya ɗaga murya: "Jama'a, wa ya rage? Kowa ya dubi na kusa da shi." Suka dubi juna. Suka ƙirga 'yan'uwa da maƙwabta. Kowa ya ga nasa cikakke.

Tsohon ya jira iyakar abin da zai iya, sannan ya ce, "Ci gaba."

Can ƙasan jerin Garbai ya karanta, tsohon ya ɗaga: "Zaliha 'yar Mairamu, dabino huɗu, bakin lambun albasa!"

Shiru. Garbai ya ɗaga kai yana neman baƙin mayafi, bai gan shi ba.

"Sake kira, Baba."

"Ba a..."

"Sake kira!"

Ya sake. Daga bayan mata, ƙasa ƙasa, aka ce, "Ga ni."

Wata ta waiwaya ta dafe ƙirji. "Ke Zaliha! Ina kika shige kwana huɗu? Dubi yadda kika rame!" 'Yarta ta ruga ta faɗa jikinta. Zaliha ta ce a ba ta ruwa, ta riƙe kwanon da hannu biyu ta shanye.

A hanyar tudu Garbai ya tambaye ta mai igiyar. Ta ce ya biyo su har gindin rijiya, yana tsaye kusa da Garbai lokacin da aka zo layin. Tana amsa sunanta ta daina ganinsa.

Garbai ya rufe rumfa sati biyu ya sake gina Mai Ido Ɗaya, sunan da yake kiran manhajar da shi ba tare da ya san inda ya samo ba. Yanzu in ka ce ya share, sai ya nuna maka layin ya tambaye ka ko ka tabbata. Layin da aka share ba ya fita, alama ake sa masa ya zauna da lambarsa, don haka ba mai matsawa gurbin wani. Akwai harafin komawa baya. Ya kuma mayar wa kowa tsohuwar lambarsa, ya rubuta jerin da hannu a littafi ya ba Zaliha, ya ce wa Baba Aisami in rigima ce a yi.

Layi na hamsin da tara yana nan babu komai. Duk shekara in an zo kansa ana yin shiru gwargwadon tsawon suna. Akwai dabino ɗaya yamma da rijiya da ba mai hawa, 'ya'yansa su nuna su zube.

Salular mai roba tana kan tebur, kullum Garbai na yi mata sharji. Da azahar yakan zuba kofi biyu, ya ajiye ɗaya a kan benci, ya koma kan aikinsa ya ba ƙofa baya. Zubin farko, mai ɗaci, ba a taɓa shi. In ya zuba na biyu, mai sukari, wani lokaci yakan tarar da kofin a bushe.